Bayani a Kan Lissafin Wata ga Gidajenmu na Makka da Jidda

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wannan takarda ce zuwa ga 'yan'uwanmu mazauna Makka da Madina da Jidda, masu gida da uwayen gida, Hausawa da Fulani da Barebari da Zabarmawa, da duk wanda Larabawa ke kira Takari. 

Bayan haka, dalilin rubuta ta wani maƙwabcina ne, tela, shekararsa ashirin da 'yan kai a Makka. Ni na raka shi filin jirgin Jidda ya sa matarsa da 'ya'yansa huɗu a jirgi zuwa Kano, yaran da ba su taɓa ganin Kano ba, Hausarsu ma rabinta Larabci. Babu saki tsakaninsu, babu faɗa. Da muka juyo, a mota, ya ce mini ba a taɓa kwana da yunwa a gidansa ba ko sau ɗaya, sai dai ranar sabunta igama ta zo, aka ce kuɗin iyalinsa na shekara riyal 24,000 ne, shi kuwa ko dubu uku ba ya da su a ajiye.

To, ku sani, ya 'yan'uwa, cefane ba ya karya gida a ƙasan nan. Abin da ke karya gida su ne manyan biya waɗanda ke zuwa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, suna ɓoye wata goma sha ɗaya, a na sha biyu su faɗo wa mutum gaba ɗaya. Wanda ya lissafa watansa da shinkafa da mai kawai, bai lissafa ko rabinsa ba.

Mu a nan kashi uku ne. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo da ƙafa ta Sudan, suka tsinci auduga a Jazira suka haɗa guzuri, suka ƙetare teku daga Sawakin, yau jikokinsu 'yan ƙasa ne, ana kiransu Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Waɗannan kuɗin da zan ambata ba ya kansu. Akwai waɗanda ba su da takarda ko kaɗan, lissafinsu dabam ne, ya kuma fi ɗaci. Maganata da na tsakiya ce, masu igama da iyali a ƙarƙashinsu, ko da an haife su a Misfala ko Shari' Mansur, domin haihuwa a nan ba ta mayar da baƙo ɗan ƙasa.

Farkon abin da za a cire daga albashi shi ne kuɗin kai na iyali. Hukuma ta sa shi a watan Yuli na 2017, wato Shawwal 1438, riyal 100 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamar mai gida. A Yulin 2018 ya zama 200, a 2019 ya zama 300, a 2020 ya kai 400. Wani dattijo a majalisarmu ya ce a gida jangali a kan shanu ake sa shi, a nan kuwa a kan 'ya'ya. Aka yi dariya, amma masu 'ya'ya bakwai ba su yi ba. Mace ɗaya da yara uku riyal 1,600 ke nan kowane wata, 19,200 a shekara, alhali a shekarar farko 4,800 ne. Ba a sabunta igama sai an biya, ba a ba da bizar fita da dawowa sai an biya. In aka yi jinkirin sabuntawa akwai tara, 500 karo na farko, 1,000 karo na biyu. Daga 2021 an yarda a riƙa sabuntawa wata uku-uku, wannan sauƙi ne ga wanda ba ya iya tara na shekara, amma ko halala ɗaya bai ragu ba.

Akwai kuma wani kuɗin a kan shi kansa ma'aikacin, wanda tun 2020 ya kai riyal 700 ko 800 a wata, da kuɗin igama 650 a shekara, da inshorar asibiti. Doka ta ɗora waɗannan a kan mai ba da aiki. Amma kowa ya san da yawa cikinmu kafilinsu na suna ne kawai, mutum shi ke neman na kansa, ƙarshen shekara kafili ya miƙo hannu. Doka ba ta yarda da wannan zama ba, kuma in ya ɓaci ma'aikacin ne ke fara kwana a ciki. Wanda ke cikinsa dai ya sani 800 sau goma sha biyu 9,600 ne, ya rubuta su cikin lissafinsa, kada ya ce ya manta.

Sa'an nan haya. Al'adar ƙasan nan haya ta shekara ce, a biya gaba ɗaya ko kashi biyu, yanzu kuma ana rubuta yarjejeniyar a tsarin hukuma da ake kira Ejar. Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda a ƙarshen 2021, irin su Gulail da Karantina da Sabil, inda mutanenmu suka daɗe cikin haya mai arha, jama'a suka watsu suna neman ɗaki, masu gidaje suka ƙara kuɗi. Diyyar rusau ta mai gida ce, ɗan haya sai dai ya ɗaure kayansa. A Satumban 2025 an hana ƙarin haya har shekara biyar, amma a Riyad aka yi wannan hukunci, kada wani a Makka ya ji labari ya je yana jayayya da mai gidansa.

Ga wata mas'ala da mutane ba su lura da ita ba. Albashi da watan Turawa yake zuwa, hayar wasu gidaje kuwa da watan Hijira ake lissafa ta, kamar yadda aka daɗe ana lissafa wa'adin igama. Shekarar Hijira kwana 354 ce, ta Turawa 365. Saboda haka ranar biya tana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Wanda bara wa'adinsa ya zo bayan albashi da kwana biyar, bana kafin albashi zai zo da kwana shida. Na ga mutum ya ci tara don wannan kaɗai.

Bari mu yi misali, kowa ya sa nasa adadi a gurbin nawa. A ce mai gida yana samun riyal 4,000 a wata, da mace da yara uku, hayarsa 12,000 a shekara. Kuɗin kai 1,600, haya in an raba ta goma sha biyu 1,000, saura 1,400. Wannan 1,400 shi ne albashinsa na gaskiya. A cire wuta, a ce 250, saura 1,150, wato ƙasa da riyal arba'in a rana ga baki biyar, a ciki za a ci, a sa gas, a sa katin waya, a sayi takalmin yaro. Mai gidan da ya karɓi 4,000 ya riƙa kashewa kamar 4,000 ne, kuɗin hukuma da na mai gida yake ci bai sani ba.

Batun wuta, tun Janairun 2018 awon wuta ɗaya halala 18 ne har zuwa awo 6,000 a wata, abin da ya haura nan 30. Mukayyif irin na taga, in yana shan awo biyu a sa'a, aka bar shi sa'a goma sha biyu a yini, awo 720 ke nan a wata, kusan riyal 130, da haraji ya doshi 150. Ɗaya ke nan. Zafin Makka kuwa ba abin da za a ce wa yaro ya yi haƙuri ba ne. Abin da gidaje masu dabara ke yi, su taru ɗaki ɗaya da rana, su kuma ajiye rarar watannin sanyi don watannin zafi.

Harajin saye da sayarwa ya fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018, ya zama 15 a Yulin 2020. Yana kan abinci, yana kan sutura, ba ya kan hayar gidan zama. A makarantar kuɗi da asibitin kuɗi hukuma na ɗauke wa ɗan ƙasa harajin, baƙo shi ke biyan nasa. Haka tallafin da ake kira Hisabul Muwaɗin, na 'yan ƙasa ne. Don haka kada uwar gida ta auna tukunyarta da ta maƙwabciyarta Hausawiyya mai jinsiyya. Kakanninku ɗaya, harshenku ɗaya, lissafinku ba ɗaya ba ne.

Amma daftarin mai baƙala, ni ban ga laifinsa ba in ya tsaya kan burodi da madara. Laifinsa, yaro ake aika, yaro kuwa ba ya dawowa da burodi kaɗai. A duba daftarin kowace Juma'a, kada a bari sai ƙarshen wata.

Abin da na fi yabo a cikinmu adashi ne, wanda Larabawa ke kira jam'iyya. Sai dai mata da yawa suna neman kwasarsu ta faɗo kan biki ko sayen gwal. Ina roƙonku, ya uwayen gida, ku zauna da mazajenku ku duba watan haya da watan igama, sa'an nan ku je wurin uwar adashi ku roƙi wannan watan. Mai gida kuma ya faɗa wa matarsa gaskiyar abin da yake samu. Da yawa ba sa faɗa, suna ganin raini zai shiga, sai mace ta riƙa dafa wa baƙi kaza da kuɗin igamar ɗanta, ita ba ta sani ba.

Baƙi kuwa, wanda ke zaune a Makka ba ya rabuwa da su, daga Ramadan har bayan Hajji. Baƙonka annabinka, haka aka rene mu, ba ni ne zan ce a rufe ƙofa ba. Amma baƙo yana da kuɗi kamar yadda wuta ke da kuɗi, a ware masa ko riyal hamsin a wata tun daga Muharram, da na tsaraba a ciki. A kuma kiyaye wannan: a lokacin Hajjin 2025 hukuma ta yi shela cewa wanda ya saukar da mai bizar ziyara a Makka a kwanakin Hajji, ko ya ɗauke shi a mota don ya yi Hajji babu izini, tararsa tana iya kai riyal 100,000. Ɗan'uwan da ya ce a ɓoye shi mako biyu kawai, a karanta masa wannan adadi.

Saura aike gida. Riyal a ɗaure take da dala tun 1986, dala ɗaya riyal 3.75. Naira kuwa an sake ta a Yunin 2023, daga wajen 460 a dala ta wuce 1,500 a 2024, har riyal ɗaya ta kai naira 400. Mutanen gida in suka ji 4,000 suka buga da naira sai su ce ɗansu ya zama attajiri, ba wanda ya faɗa musu 1,400 ne. Masu dangi a Mai Wurno da Sinnar da Wad Madani nasu ya fi nauyi, domin tun yaƙin Sudan na Afrilun 2023, wanda ya kai Jazira a Disambar shekarar, aikensu ya koma na ceton rai. Shawarata a yanke adadi ɗaya a wata, a sanar da babba ɗaya a gida, shi zai raba. Wayar tsakar dare ba za ta daina ba, amma za ka sami abin faɗa.

Telan da na ambata yana nan, ya koma ɗaki ɗaya da mutum uku. Yana aika wa iyalinsa ƙasa da rabin abin da yake biya musu kuɗin kai a da, suna ci suna karatu a Kano. Ya ce mini ƙaramar 'yarsa har yanzu in ta kira shi tambayarta yaushe za su koma gida. Bizar fita da dawowa riyal 200 ce ta wata biyu, ban da kuɗin jirgi. Ya buɗe wa wannan nasa shafin a littafinsa, yana zuba talatin-talatin.

Wanda takardan nan ta iske shi ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, ya kwafa ya miƙa gaba. Mai kwafa ya kula da adadin, kada ya ƙara sifili ko ya rage.

Tammat. Wassalam.