Jarka Biyu a Yini: Abin da Birnin Cape Town Ya Koya wa Masu Sayen Ruwa da Masu Burtsatse

A farkon shekarar 2018 hukumomin Cape Town, birnin Afirka ta Kudu mai mutum kimanin miliyan 4 a lokacin, suka fito suka faɗi ranar da za su rufe famfunan gidaje. Damina uku a jere, daga 2015 zuwa 2017, ruwan sama ya yi ƙaranci, har babbar madatsar garin, Theewaterskloof, ta koma fili mai yashi da busassun itatuwa. Shirin shi ne da zarar ruwan madatsun ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari, kowa zai ɗauki jarka ya bi layi a wurare kusan 200, a ba shi lita 25 a yini. Har an tsayar da 12 ga Afrilu.

Ranar ba ta zo ba. Daga 1 ga Fabrairu aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini, na sha da girki da wanka da wanki da bayan gida. Aka tsauwala kuɗin ruwa ga masu ɓarna, aka rage ƙarfin ruwa a bututai, aka takaita na manoma. Jama'a suka koma wankan da bai kai minti biyu ba, suna tare ruwan a bokiti su kora ban ɗaki da shi. Birnin da ke shan kusan lita biliyan 1.2 a yini a 2015 ya dawo kusan rabin haka, ya lallaɓa har ruwan sama ya sauka.

Lita 50 ɗin da mutanen Cape Town suka ɗauka a matsayin ƙunci jarka biyu ce irin ta 'yan garuwa. Gida mai mutum goma ke nan zai buƙaci jarka ashirin kullum. A unguwanni da yawa na Kano da Damagaram, magidancin da ke jiran mai kura da sassafe bai taɓa sayen haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata a yini don sha da girki da 'yar tsafta, kuma akwai gidajen da ko wannan sai an yi da gaske a watannin bazara. Saboda haka nasihar tattalin ruwa kashi biyu ce, domin abin da za a gaya wa mai tanki a saman soro daban ne da na mai saye da jarka.

Mai rijiyar burtsatse shi ne ya fi ganin kansa a tudun mun tsira. Yawancin Kano a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta kuwa yana maƙale ne a tsagogin dutsen da ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke samansa, kuma damina ce kaɗai ke mayar da abin da aka zuƙe. Matatun Tamburawa da Challawa ba sa isar garin, shi ya sa kowa ya koma haƙa. Idan gida ɗaya ya zurfafa rijiyarsa yana jan ruwa ba dare ba rana, rijiyoyin maƙwabta marasa zurfi su ke fara ƙafewa, daga baya abin ya iso kansa. Birnin Chennai na Indiya ya ga wannan a watan Yunin 2019: manyan tafkunansa huɗu sun kusa bushewa ƙarƙaf, rijiyoyi da dama sun ƙafe, har sai da aka riƙa kawo ruwa ta jirgin ƙasa.

A gidajen masu burtsatse ɓarnar a bayyane take. An kawo wuta cikin dare, an kunna injin jawo ruwa, an koma barci; tanki ya cika yana ambaliya ta bango har asuba, kwata ta ɗauka zuwa titi. Ƙwallon nan da ke toshe bututu idan tanki ya cika ba shi da tsada, kuma shi ne maganin wannan. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da fiye da jarka guda a yini, alhali sau da yawa 'yar roba ce kawai ta cinye a cikinsa. Wankin mota da tiyo a sake yana cin abin da bokiti biyu za su iya yi ninkin-ba-ninkin. Alwala ma haka: ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu guda na ruwa, wanda bai kai lita ɗaya ba, kuma buta tana kusa da wannan ma'auni fiye da famfon da aka bari yana zuba.

Mai saye da jarka kuwa ya riga ya iya tattali. Uwargida ta san ruwan ɗauraya na yau shi ne na wankin farko na tsumma da yayyafin tsakar gida. Haɗarinsa yana wajen tsafta. Ba ya sanin inda mai kura ya ɗebo, kuma lokacin ƙarancin ruwa ake komawa rijiyoyin da ke kusa da masai, inda amai da gudawa da taifot ke samun ƙofa. Masana suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da masai. Alif yana kwantar da laka amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan sha sai an tafasa, ko a sa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar a jira rabin awa. Randa ta kasance a rufe, da moɗa mai mariƙi wadda ba a sha da ita kai tsaye. Duk yadda ruwa ya yi wuya, kada a soke wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga ban ɗaki da kafin ba yaro abinci.

Akwai kuma ruwan da duka gidajen biyu ke bari ya wuce. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan rufi mai murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, a shekarar da aka sami milimita 800 kamar matsakaiciyar daminar Kano, yana karɓar lita 80,000, wato jarka 3,200. Ko a Damagaram, inda ruwan saman kusan rabin haka ne, abin ba kaɗan ba ne. Jihar Tamil Nadu, inda Chennai take, ta wajabta wa gine-gine tara ruwan sama tun 2003.

Aikin yana buƙatar indararo mai kyau, da bututu zuwa duro ko tanki mai murfi, da raga a bakinsa don hana sauro da ganye. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye kafin a fara tarewa. Wanda tankinsa ya cika yana iya karkatar da sauran zuwa rami mai tsakuwa a tsakar gida, nesa da masai da harsashin gini, ya nutse ya ƙara wa rijiya. Watannin Maris da Afrilu ne lokacin gyaran indararo da wanke tanki, tun hadarin farko bai haɗo ba.