Yadda Ake Koya wa Allon Arduino Kiɗa

Duk wanda ya taɓa leƙa situdiyon waƙa a Kano ya ga yadda mutum ɗaya ke zaune gaban fiyano yana fitar da ganga da sarewa. Babu fata a cikin na'urar, babu tsirkiya, lissafi ne kawai da wutar lantarki. Ita ake kira sintesaiza, kuma abin da ke faranta mini rai shi ne, yau ɗalibi zai iya haɗa ƙaramarta a kan teburinsa da allon Arduino wanda bai wuce tafin hannu ba.

Sauti dai girgizar iska ne. Idan takardar lasifika ta yi gaba ta dawo sau 440 a daƙiƙa ɗaya, kunne zai ji muryar da ake saita fiyano da ita. A ninka zuwa 880, ita ɗin dai za a ji, sai dai ta ƙara siririntaka. Aikin allon ke nan: ya riƙa tura lasifikar a kan kari, ba tare da saɓa lokaci ba.

Massimo Banzi da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro Arduino a 2005 a garin Ivrea na Italiya. Samfurin Uno yana da 'yar ƙwaƙwalwa mai suna ATmega328P, mai bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa. Amma wajen fitar da wuta, ƙafafunta abu biyu kaɗai suka sani: a saki wuta bolt 5, ko a ɗauke. Shi ya sa sautin farko da mai koyo ke samu yake da kaushi, irin na tsofaffin na'urorin gem.

To, yaya mai kunnawa da kashewa kawai zai fitar da murya mai laushi? Dubi maƙeri da zugazuginsa. Iskar tana zuwa ne bugu-bugu, amma garwashin ba ya mutuwa tsakanin bugu da bugu. In an tsawaita zugar ya ƙara ja, in an taƙaita ya lafa. Haka allon yake yi, dabarar da ake kira PWM. Yana kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, yana sauya tsawon kowace kunnawa, sai a sa rasista ɗaya da kafasita ɗaya su shafe tsalle-tsallen. Siffar igiyar sautin kuwa tana ajiye a jerin lambobi, allon yana bin su yana komawa farko. Manhajar Mozzi ta Tim Barrass, wadda ke yi wa allon wannan aiki kuma kyauta ce, tana aika lamba 16,384 a daƙiƙa. Faifan CD yana aika 44,100, don haka kada a sa ran tsabtar situdiyo.

Daga nan daɗin ke farawa. A jona maɓallin murɗawa irin na rediyo. Allon zai karanta shi daga 0 zuwa 1023, ya ɗaga murya ko ya sauke, kamar yadda mai kalangu ke matse tsirkiya a hammata. A ganina, abin da ya fi cancantar ɓata lokaci shi ne yadda sauti ke tashi da yadda yake mutuwa. Gurmi yana tashi farat ɗaya ya dusashe, goge kuwa yana shigowa a hankali ya daɗe. Layuka kaɗan na umarni ne ke raba su.

In an kai ga son muryoyi da yawa a lokaci guda, Uno zai gaza, domin ƙarfinsa kaɗan ne, ma'ajiyar aikinsa ma kilobayit 2 ce kacal. Sai a koma ga allo mafi ƙarfi irin Teensy ko Raspberry Pi Pico, wanda ya fito a 2021.

Mai karatu, in za ka gwada, fara da murya ɗaya da maɓalli ɗaya. Kuma kada ka jona lasifika kai tsaye a ƙafar allon, don abin da aka ƙayyade mata miliamfa 20 ne, lasifika kuwa za ta ja fiye da haka ta ƙone ta. Sa ƙaramin amfilifaya irin LM386 a tsakani.