Ƙidayar Dodon Koɗi a Fadamar Rima

A Kwalkwalawa, inda hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta ratsa kogin Rima, masu wanki da masunta da manoman shinkafa ba sa rabuwa da ruwa. Cikin laka da ƙarƙashin ganye kuwa akwai ƙananan dodon koɗi, irin wanda masana ke kira Bulinus. A jikinsu tsutsar tsargiya ke girma, sannan ta fito ta huda fatar mutum ta sa shi fitsarin jini. Sanin yawansu ne ke nuna wa ma'aikatan lafiya gaɓar da ta fi haɗari.

To, yaya ake ƙirga abin da ke ɓuya cikin taɓo?

Dabarar tsohuwa ce. Petersen, masanin kifi ɗan ƙasar Denmak, ya yi wa kifaye alama a 1896, wani masani mai suna Lincoln kuma ya ƙiyasta agwagin daji a Amurka a 1930 da irin wannan lissafi. Ga dodon koɗi, jan farce ya isa. A ce an kwaso 200 da rariya, an ɗiga wa kowanne jan farce a bayansa, an mayar da su ruwa. Bayan 'yan kwanaki aka sake kwaso 150, aka tarar 30 na da alama, wato ɗaya cikin biyar. Ke nan 200 ɗin farko ɗaya bisa biyar ne na duka, jimla kusan 1,000.

Amma lissafin na iya ruɗarwa. Idan jan farcen ya goge, adadin zai kumbura. Da rani kuma, idan kududdufi ya ƙafe, Bulinus kan nutse cikin laka ya yi likimo har ruwan damina ya sauka, sai mai ƙidayar watan Afrilu ya ɗauka babu ko ɗaya.

Manoman Wurno da Goronyo na da wani dalilin sa ido, don kada wata sabuwar barazana ta iso gonakinsu. A 2020 aka tabbatar da ɓullar wani baƙon dodon koɗi, ɗan asalin Kudancin Amurka, a gonakin shinkafa na Mwea a Kenya, yana cinye dashe tun yana ɗanye. Shi ƙwansa ruwan hoda ne, yana manna shi a karan shinkafa sama da ruwa, ɗaruruwa a dunƙule ɗaya. Don haka masu bincike kan ƙirga dunƙulen a kowane murabba'in mita, su gane inda ya fi yawa.