Haska tsofaffin finafinai a zaren milimita 70

Haska tsofaffin finafinai a zaren milimita 70 al'ada ce ta wasu gidajen silima, musamman a Amurka da Turai, waɗanda suka keɓe kansu ga nuna finafinan da suka daɗe da fitowa. Maimakon na'urar dijital da yawancin silimomi suka koma kanta tun farkon shekarun 2010, waɗannan gidaje suna ɗora ainihin zaren fim mai faɗi a majigi, don mai kallo ya ga fim ɗin yadda aka haska shi a zamaninsa.

Yadda zaren yake

Zaren fim na yau da kullum faɗinsa milimita 35 ne. Shi kuwa babban zare ana ɗaukar hoto da mai milimita 65, sannan a buga kwafin haskawa a kan mai milimita 70. Ƙarin milimita 5 ɗin wurin sauti ne, inda a da ake shimfiɗa maganaɗisu mai ɗauke da hanyoyin sauti 6. Kowane hoto yana cin ramuka 5 na gefen zaren, girmansa kuma ya kai kusan ninki uku na hoton milimita 35. Shi ya sa yake fita tangaran ko da allon ya yi girma sosai. Wannan tsari daban yake da IMAX, wanda zarensa ke tafiya a kwance, kowane hoto da ramuka 15.

Tarihi

Tsarin ya samu karɓuwa a 1955 da fim ɗin Oklahoma!, wanda aka yi da fasahar Todd-AO a lokacin da talabijin ke janye jama'a daga silima. Daga baya aka yi Ben-Hur a 1959, Lawrence of Arabia a 1962, The Sound of Music a 1965, da 2001: A Space Odyssey a 1968. Akan buɗe irin waɗannan finafinai da kiɗa kafin hoto ya bayyana, a kuma ba da hutu a tsakiya. Tsadar aikin ta sa aka rage ɗaukar fim da babban zare bayan 1970, sai dai an ci gaba da faɗaɗa finafinan milimita 35 zuwa 70, kamar Star Wars a 1977.

Sha'awar tsofaffin ta farfaɗo a 1989, lokacin da aka sake fitar da Lawrence of Arabia bayan gyaran da Robert A. Harris ya jagoranta. A 2018 Christopher Nolan ya gabatar da sabon kwafin 2001: A Space Odyssey a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa, don cikarsa shekara 50.

Wuraren haskawa

A Amurka akwai Music Box Theatre a Chicago, Somerville Theatre kusa da Boston, da Egyptian Theatre a Los Angeles. A Ingila akwai Prince Charles Cinema a Landan, da Pictureville a Bradford inda ake bikin Widescreen Weekend. Silimar Schauburg da ke Karlsruhe a Jamus da Kino Mír 70 da ke Krnov a ƙasar Cek su ma sun shahara da bukukuwan wannan zare.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce ƙarancin kwafi. Yawancin waɗanda aka buga kafin farkon shekarun 1980 launinsu ya koɗe ya koma jaja-jaja, wasu kuma zaren da kansa ya fara ruɓewa yana warin tsami. Buga sabo yana da tsada, wuraren da ke yin aikin kuma kaɗan ne suka rage, fitacce a cikinsu shi ne FotoKem a California.

Kowace haskawa tana iya barin ƙarzuwa a jikin zaren. Saboda haka ma'ajiyun finafinai kan sa sharaɗin a yi amfani da majigi biyu, kada a yanka zaren ko a haɗe shi wuri guda. Idan naɗi ɗaya ya kusa ƙarewa, wata 'yar alama takan bayyana a saman allo ta dama, sai mai majigi ya kunna na biyun ba tare da 'yan kallo sun ga tsaiko ba. Yawancin majigan tsofaffi ne, irin su DP70 na kamfanin Philips da aka fara ƙerawa a shekarun 1950, kayan gyaransu kuma sau da yawa daga jikin waɗanda suka mutu ake cirowa. Masu ƙwarewa a wannan sana'a ma sun ragu.

Sababbin finafinai irin su The Hateful Eight na 2015 da Oppenheimer na 2023 sun sa an gyara majigai da dama, an kuma horar da sababbin ma'aikata, abin da ya amfani gidajen da ke haska tsofaffin.