Baƙuwar Kaza: A Koya Mata Akurki Tun Daren Fari

Sau da yawa maigida yakan komo daga kasuwa da kaji biyu ko uku, ko kuwa a ba uwargida kaza kyauta. In magariba ta yi, sai a ga baƙin nan suna ta kai da kawowa a tsakar gida, ba su san inda za su sa kansu ba. Don tsoron muzuru sai uwargida ta kai su ɗakinta ta kife da kwando, ta ce, “Na yau kaɗai ne.” To, jama'a, nan ɓarna take somawa. Kaza akwai ta da sabo. Inda ta kwana daren fari da na biyu, nan za ta riƙa nema kullum. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don me aka hana kaza kwana ɗaki?

Kaza tana yin kashi da yawa da dare. Cikin kashin nan akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, ko da kazar lafiyarta lau. Gari na wayewa yaro mai rarrafe ya sauka ƙasa, ya dafa, ya kai hannu baki. Bayan 'yan kwanaki sai zawo da zazzaɓi. Mu da ke aiki a ɗakin shan magani mun sani zawo yana cikin manyan abubuwan da ke ramar da yara ƙanana, wani lokaci har ya kai su ga halaka.

Akwai kuma murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, cikin watan nan kuma ta ɓulla a Magarya, ƙasar Nijar. Tana iya kama mutumin da ke cuɗanya da kaji marasa lafiya, kuma tana kisa.

A fara keɓe ta

Kada a gama baƙuwa da kajin gida ranar da ta zo. A kasuwa ta haɗu da kajin garuruwa da yawa, mai yiwuwa ta ɗauko ciwo wanda bai nuna ba tukuna. Wanda ya fi share kaji a ƙauyuka, musamman lokacin hunturu, shi ne wanda likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, sunan wani gari a Ingila inda ya ɓulla a 1926. Alamunsa su ne kashi kore-kore, da saukar da fukafukai, da wahalar numfashi, da murɗewar wuya. Saboda haka a ajiye baƙuwa mako 2 a wani ɗan akurki dabam, nesa da ɗakin kwana da madafa. In ta mutu, kada a ci, kada yara su taɓa. A binne ta da zurfi, a wanke hannu da sabulu, a gaya wa malamin dabbobi. Akwai rigakafin Niyukasal da ake ɗigawa a ido, ana yin sa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos. Ku tambayi malamin dabbobi lokacin yin sa.

Yadda za a sabar da ita

Na ɗaya, in mako 2 ya cika lafiya, a kai ta babban akurki da dare, bayan sauran sun natsu. Cikin duhu ba sa faɗa, da safe kuma tsangwamar takan yi sauƙi.

Na biyu, a tsare ta nan kwana 3 zuwa 7. A kewaye bakin akurkin da zana ko kara, ta wuni ciki da ruwa da tsaki, dare ya yi ta shiga. A tabbata akwai inuwa, don zafin bazara yana kashe kazar da aka kulle ba iska.

Na uku, ranar da za a sake ta, a bari sai bayan la'asar. Ba za ta yi nisa ba rana za ta yi sanyi, ta komo.

Na huɗu, kowace yamma a watsa tsaki ko dusa a bakin akurki, har da ciki, ana kiransu da kira iri ɗaya. A yi wannan tun da sauran haske, gama kaza dundumi gare ta, in duhu ya yi ba ta shiga rami baƙi ƙirin.

Na biyar, wadda ta haye bisa rumbu ko icce, kada a sa yara su bi ta da jifa. A bari duhu ya yi, a ɗauko ta a hankali, hannu biyu bisa fukafukai, a sa ta ciki. Dare uku ko huɗu haka, ta gane.

In har ta ƙi fa?

To, a binciki akurkin, laifin yana can. Kaza tana son kwana bisa, sai a gitta sanda kamar kamu ɗaya daga ƙasa, kowace kaza ta sami wurin taƙi guda. In wari ya yi yawa, a share, a kai kashin gona, taki ne mai kyau. A huda 'yan tagogi sama, ƙanana yadda ɓera da maciji ba za su shiga ba. Sa'an nan a zo da fitila da dare a duba tsagar bango. Akwai wata irin kaska da ke ɓuya nan da rana, da dare ta fito ta sha jinin kaji. Wane ne zai so komawa ɗakin da ake cizonsa? A lailaye tsagar da laka, a shafe bango da farar ƙasa, a barbaɗa toka a ƙasa. In manya ne ke tsare ƙofa suna saran baƙuwa, a ƙara sanda ta biyu, a raba musu wurin ci.

Aikin mako guda ne, amfaninsa kuwa na shekaru. Kaza ta tsira daga muzuru, ɗaki ya zauna tsaf, ƙwai ya daina ɓacewa a bayan danga. Ƙwan nan kuma a dafa shi sosai a ba yara. Zancen wai yana sa yaro sata ba shi da tushe, gina jiki yake yi. Kowa ya taɓa kaza ko ya share akurki, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko ya ɗauki jariri. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.