Tsaron Lambu Daga Ɗarin Hunturu a Sokode da Dapaong

Akwai wata musiba da kan auka wa manoman Turai bayan sun sakankance sanyi ya wuce, watau dare ɗaya sama ta washe, iska ta kwanta, sanyi ya sauko har ruwan cikin ɗanyen ganye ya daskare ya farfasa shi, kamar yadda ya faru a Faransa cikin Afrilun 2021, sa'ad da masu gonakin inabi suka kwana suna kunna wuta tsakanin kunyoyi, amma duk da haka hasara ta yi yawa. Mu a Togo Allah Ya hutasshe mu daga wannan, domin ruwa ba ya daskarewa ko a Sokode ko a Dapaong. Sai dai muna da namu ɗarin, wanda ke zuwa da iskar arewa maso gabas daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da masu noman rani ke renon iri suna dashe.

Lalle ne mai lambu ya san cewa ba dukan shuka ce ke ƙin hunturu ba, gama albasa da kabeji da latas da karas a cikinsa suka fi yin kyau, alhali kuɓewa da alayyafo da barkono sai su tsugune su ƙi girma. Ko tumatir ma, wanda ake loda shi a motoci daga yankin Dapaong zuwa Lome, yana son sanyin dare idan ya kafu, amma jaririn dashensa ba ya jure busasshiyar iska, wadda ke zuƙe ruwan ganye fiye da yadda saiwar da aka tumɓuke jiya za ta iya mayarwa. A nan illar take, a ganina, kuma mutane da yawa suna ɗora wa sanyi laifin da na iska ne.

Maganin kuwa yana cikin gona tun kaka, ga wanda bai cinna wa karansa wuta ba. A kafa darnin karan dawa ko zana ta ɓangaren da iska ke fitowa, kada a tsuke shi ƙwarai, domin shingen da iska ke ɗan ratsawa ya fi kare fangali bisa wanda take tsallakewa ta faɗo bayansa da ƙarfi. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shuka don laima ta zauna, a yi dashe bayan la'asar, a kuma ba da ruwa kafin magariba, saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe ɗumin rana har asuba. Gadon iri kuma a yi masa 'yar rumfa, a riƙa yaye ta da hantsi.

'Yan'uwanmu na Didaure, tsohon zangon fataken goro a Sokode, nasu da sauƙi, don busasshiyar iskar Dapaong ta fi tsanani. Amma gargaɗin ɗaya ne: hazo kan janye kwanaki, har mutum ya zaci bazara ta kama, sa'an nan ya komo bagatatan. Saboda haka, ya kai mai lambu, kada ka rushe darninka sai zafin Maris ya tabbata, kuma ko a sa'an nan bar ciyawar a gindin shuka, domin za a buƙace ta idan rana ta yi zafi.