Hannuwa Huɗu na Kabon, Daga Tawadar Allo Zuwa Kasuwar Maigatari

A tsangayun masarautar Gumel, tun daga cikin gari har ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, haɗin tawada sananne ne: a daka gawayi ya yi laushi, a kwaɓa da ruwan ƙaro. Ruwa kaɗan ya isa ya wanke ta daga allo, amma idan ta hau takarda sai ta shekara ɗari baƙinta bai koɗe ba. Amsar duka biyun tana jikin kabon, sinadarin da ya fi yawa a gawayi.

Ƙwayar zarrar kabon tana da ilektron 6, biyu a ciki, huɗu a waje. Ba ta zubar da huɗun nan, ba ta kuma ƙwace na wasu; tarayya take yi da maƙwabta, don haka take riƙe huɗu a lokaci guda. August Kekulé na Jamus da Archibald Couper na Sikotlan ne suka bayyana a 1858 cewa da waɗannan hannuwa kabon yake kama ɗan'uwansa kabon su yi dogon jeri. A 1916 Gilbert Lewis na Amurka ya nuna cewa kowane riƙo ilektron biyu ne da ake tarayya a kansu.

A cikin gawayi, kowane kabon uku yake riƙewa, a zobba masu kusurwa shida. Ilektron na huɗu yana yawo a kan shimfiɗar, yana shanye haske kowane launi, shi ya sa gawayi yake baƙi ƙirin. Riƙon zobban kuwa ya fi ƙarfin rana da ruwa. Da kowane kabon zai riƙe huɗu cur, da daimon aka samu, garau, mai tsananin tauri.

Ƙaro ma ƙashin bayansa kabon ne, sai dai hannuwansa na gefe suna ɗauke da oksijin da haidirojin, waɗanda ruwa yake kamawa. Ƙaron ne mai manne baƙin a jikin itace. Da ya narke, garin gawayin ya bi ruwa. A ganina, ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel da zai koyar da babin kabon gobe ya kamata ya shiga aji da allo da ƙaro kafin ya ɗauki alli, domin yara sun riga sun san rabin darasin da hannunsu.

Hannuwan kabon ba a allo kaɗai suke aiki ba. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, shanu na gyatsar iskar mitan: kabon ɗaya, haidirojin huɗu, kusurwar digiri 109.5 tsakanin kowane biyu. Riɗin da ake aunawa kuwa, mansa yawanci jeri ne na kabon 18, inda wasu biyu suka riƙe juna da hannu bibbiyu. Wannan riƙo yana lanƙwasa jerin, ya hana shi kwanciya daf da ɗan'uwansa, shi ya sa man riɗi yake zuba ko da sanyin hunturu, kitsen shanu kuma, mai miƙaƙƙen jeri, ya daskare.